Fitila a Kan Hular Kwano: Abin da Take Ƙara wa Mai Keke da Dare da Abin da Take Rage Masa

Duk wanda ya taɓa tuƙa mota bayan magariba a kan hanyar da ta fita daga babban gari zuwa ƙauyuka ya san irin faɗuwar gaban da ake yi idan mai keke ya ɓullo kwatsam a gefen kwalta, da buhu ɗaure a kariya, babu fitila a gaba, babu ja a baya. A wuraren da ba su yi nisa da layin ikwaita ba, kamar Kano ko Maraɗi, duhu ba ya jan ƙafa. Rana na faɗuwa, kafin a yi minti 30 gari ya rufe, alhali a arewacin Turai hasken bayan faɗuwar rana yakan daɗe sosai a watannin zafi. Mutumin da ya baro kasuwa ko gona da sauran haske sai dare ya riske shi a tsakiyar hanya bai shirya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma yankin Afirka ne ke kan gaba idan aka auna mace-macen da yawan jama'a.

Tun da fitilun LED, ƙananan fitilun zamani marasa shan batir da yawa, suka yi araha, wata dabara ta yaɗu a tsakanin masu hawa keke a ƙasashe da dama, wato ɗora fitila a kan hular kwano, fara ta gaba, ja ta baya. A da abin ba ya yiwuwa cikin sauƙi, saboda kwan fitila irin na dā yana shan batir da yawa, hasken kuma kaɗan ne, shi ya sa tsofaffin kekuna irin su Raleigh suka dogara da dainamo, ɗan injin nan da ke gogar taya, wanda haskensa ke mutuwa da zarar mai keke ya tsaya. Samuwar shuɗin LED, wanda ya buɗe hanyar yin farin LED mai ƙarfi, shi ne ya sauya komai, kuma saboda shi ne Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka sami lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar fiziks a 2014. Yau fitilar da ba ta kai ƙwan kaza girma ba tana iya haska hanya fiye da fitilar babur ta shekarun baya. Sai dai samun haske mai yawa a kai bai warware matsalar ba. A ganina, fitilar hular kwano mataimakiya ce mai amfani ga fitilar da ke jikin keke, amma wanda ya dogara da ita kaɗai ya sayi kwanciyar hankalin da ba ta da tushe, kuma dalilan hakan suna buƙatar a bi su ɗaya bayan ɗaya.

A fara da lissafin nisa. Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya ɗauki daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya gane abin da ke gabansa ya kai ƙafa kan birki, ya riga ya ci mita 33, sannan motar za ta ƙara wasu mita kusan 40 kafin ta tsaya cak, kuma wannan a kan busasshiyar kwalta ne da tayoyi masu kyau. Ke nan mai keken da ba a hango shi daga nisan mita 70 ba yana cikin haɗari ko da direban ba ya barci, ba ya waya. Babbar mota mai kaya kuwa nisan da take buƙata ya zarce haka. Gajeren hasken mota ba ya nuna mutum mai baƙaƙen kaya daga wannan nisa, dogon haske kuma ana sauke shi idan wata mota na tahowa, a daidai lokacin da idon direban ya fi shan wahala.

Abin da mai keke ke buƙata da dare kashi uku ne, kuma rikita su shi ne tushen yawancin kurakurai. Yana buƙatar ya ga hanya, yana buƙatar a gan shi, sannan yana buƙatar wanda ya gan shi ya gane cewa mutum ne a kan keke, ya kuma kimanta nisansa da inda ya nufa. Na farko aikin fitila mai ƙarfi ce da ke zuba haske a ƙasa. Na biyu ɗan haske kaɗan ma ya isa, muddin yana bazuwa zuwa kowane ɓangare, domin ido yana hango ƙaramar fitila daga nesa ƙwarai a cikin duhu. Na ukun shi ne mai wuya, shi ne kuma wanda masu sayar da fitila ba su cika magana a kai ba. Direban da ya hango farin ɗigo ɗaya yana lilo a sama ba shi da tabbacin ko mai tafiya a ƙasa ne da tocila, ko babur ne can nesa, ko fitilar mai shayi ce a bakin hanya, kuma kowace daƙiƙar da ya ɓata yana wannan tunani mita 22 ce.

Fa'idar kai a matsayin mazaunin fitila a bayyane take. Shi ne wuri mafi tsawo a jikin mai keke, don haka a cikin cunkoso, inda motoci da adaidaita sahu ke tare fitilar da ke ƙarƙashin sirdi, jar fitilar da ke bayan hula tana leƙowa ta samansu. Kayan da aka ɗaura a kariya ba sa rufe ta, haka nan babbar riga ko doguwar riga da ta sauko ta lulluɓe bayan sirdi ba ta ɓoye ta, wannan kuwa matsala ce ta gaske ga mai irin tufafinmu. Direban tirela, wanda ke zaune can sama, ya fi saurin ganin abin da ke daidai kan mutum fiye da abin da ke kusa da taya idan mai keken ya matso gefensa. Ta gaba kuma, fitilar kai tana bin ido. A kwana mai tsanani, fitilar da ke kan keke tana haska inda taya ta fuskanta ne, ita kuwa ta kai tana haska inda za a shiga. A mararraba, idan mota na shirin fitowa daga lungu, mai keke yana iya juya kai sau ɗaya hasken ya gifta ta gaban direban, ya san da mutum. Idan taya ta yi faci ko sarƙa ta zame a wurin da babu kowa, hannu biyu suna sake don gyara. Masu hawa keke a daji da kan duwatsu da dare sun daɗe da gano haka, shi ya sa da yawansu ke haɗa fitila biyu, ɗaya a keke, ɗaya a kai.

Amma wannan bin ido da ake yabo shi ne kuma babban aibinta. Ɗabi'ar mutum ce ya kalli abin da ke tahowa, kuma idan akwai fitila mai ƙarfi a goshinsa, duk wanda ya kalla ya dallare shi ke nan. Idon da ya saba da duhu yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya kai matuƙar ganinsa na dare, haske mai ƙarfi kuwa yana rage wannan gani nan take, kuma tsofaffi sun fi jimawa kafin idonsu ya dawo daidai. Direban da aka kashe wa ido bai daina tahowa ba, yana nan tafe da gudunsa, bambancin kawai shi ne yanzu ba ya ganin gefen hanya, ba ya ganin mai tafiya a ƙasa, ba ya ma ganin jikin mai keken da ke bayan hasken. Haka nan idan mai keke ya waiwaya don duba bayansa, farar fitilar ta koma baya, jar ta koma gefe, wanda ke gaba ya daina ganin komai, wanda ke baya kuma ya ga fari a inda ya kamata ya ga ja. Ƙa'idar fari a gaba da ja a baya ita ce harshen da duk masu amfani da hanya suka sani ba tare da tunani ba, fitilar kai kuwa tana karya ta a duk juyin wuya. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a ce dole a sami wasu fitilun da ke kafe a jikin keke.

Akwai wani aibi da ba a cika lura da shi ba sai an gwada. Ido yana gane rami da dutse da tudu ne ta hanyar inuwarsu. Fitilar da ke ƙasa da ido, kamar wadda aka ɗaura a kan keke ko kusa da tayar gaba, tana jefa doguwar inuwa a bayan kowane dutse, tana barin cikin rami da duhu, sai mai keke ya hango shi tun daga nesa. Fitilar da ke daf da ido kuwa tana aika haske ta layin da idon ke kallo, inuwar sai ta faɗa a bayan abin, inda ido ba ya ganinta. Hanya sai ta zama kamar shimfiɗaɗɗiyar tabarma, ga haske ko'ina, amma zurfin rami ba ya nunawa sai taya ta faɗa. A kan titin birni mai santsi wannan ba babban abu ba ne. A kan hanyar burji ko kwaltar da ruwan damina ya cinye gefenta, shi ne bambanci tsakanin kaucewa da faɗuwa.

Wannan dalili ɗaya ne ke sa fitilar goshi ta zama kusan abokiyar gaba a lokacin hunturu. Idan iska ta cika da ƙura da hazo, kowane ɗan ƙwayar ƙura yana mayar da wani ɓangare na hasken zuwa inda ya fito, kuma tun da hasken daga kusa da ido ya fito, cikin ido yake komawa. Mai keke sai ya ga farin bango a gabansa, yana ƙara ƙarfin fitila bangon yana ƙara kauri. Shi ya sa masu ƙera mota suke sa fitilar hazo can ƙasa kusa da kwalta, nesa da idon direba. Haka abin yake idan babbar mota ta wuce ta tayar da ƙura a hanyar ƙasa, ko ana yayyafi. Da damina kuma ga ƙwari, waɗanda ke bin haske, hasken kuwa yana saman fuska.

Maganar ƙarfin fitila ma tana buƙatar a warware ta, domin a nan ake yaudarar mai saye. Lambar da ake bugawa a jikin kwali yawanci lumen ce, wato jimillar hasken da fitila ke fitarwa zuwa ko'ina. Kandela tana auna ƙarfin hasken da ke tafiya ta fuska ɗaya, lukis kuma yana auna hasken da ya sauka a kan wani wuri, kamar kwalta. Fitila biyu masu lumen iri ɗaya suna iya bambanta kamar dare da rana: ɗaya ta tattara haskenta a siririn layi kamar tocilar maharbi, ɗaya ta baza shi. Hasken da ke sauka a wuri yana raguwa da sauri ƙwarai idan nisa ya ƙaru, idan aka ninka nisa biyu sai ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, don haka neman ganin nesa da ƙaramar fitila yana tilasta a matse haske, matsattsen haske kuwa shi ne mai kashe ido, kuma ba a ganinsa sosai daga gefe, inda motocin mararraba suke fitowa. Ga wanda ke so a gan shi, faɗin haske ya fi yawan lumen muhimmanci. Ban da haka, lambobin da ke jikin fitilu masu arha sau da yawa ƙari ne, kuma ko da gaskiya ne, ƙarfin farkon kunnawa ne, kafin fitilar ta ɗumama batir ya fara sauka.

Ƙasashen da keke ya zama abin hawan yau da kullum sun yi dogon tunani a kan wannan, kuma abin lura shi ne ba su ɗauki fitilar kai a matsayin wadda ta wadatar ba. Dokar Jamus ta buƙaci fitilar gaba ta kasance a jikin keke, kuma haskenta ya zama mai iyaka ta sama, kamar gajeren hasken mota, yadda zai zuba a hanya ba tare da ya shiga idon mai tahowa ba. Har zuwa 2013 dokar ta wajabta dainamo a kan kekunan yau da kullum, daga baya aka halatta masu batir, kuma ba ta yarda da fitila mai ƙiftawa a jikin keke ba. Irin wannan haske mai iyaka ba shi da ma'ana a kan hula, saboda kai ba ya tsayawa a mataki ɗaya, ɗaga haɓa kaɗan ya isa ya kai iyakar cikin idon mutane. A Birtaniya doka ta buƙaci farar fitila a gaba da ja a baya, a maƙale a jikin keke, kuma kada su wuce mita 1.5 daga ƙasa, ga jan madubi mai mayar da haske a baya, ga masu ruwan ɗorawa a feda ga duk keken da aka ƙera tun daga Oktoban 1985. Mai fitila a hula kaɗai bai cika wannan doka ba, ko da haskensa ya kai na mota. Holan, ƙasar da kekuna suka fi mutane yawa, ta sassauta ta wani ɓangare: ta yarda a maƙala ƙananan fitilu a ƙirji da baya ko a jakar goyo, amma ta ware kai da hannu da ƙafa, saboda waɗannan gaɓoɓi ba sa tsayawa wuri ɗaya.

A kan ƙiftawa kuwa ƙasashen sun saɓa. Birtaniya ta halatta ta a 2005, da sharaɗin ƙiftawar ta kasance tsakanin sau 60 zuwa 240 a minti, ƙarfin fitilar kuma ya kai kandela 4, Jamus da Holan kuwa sun ƙi. Kowane ɓangare yana da hujja. Haske mai ƙiftawa yana fizgar hankali, yana fita daban a cikin tarin fitilun shaguna da na motoci, yana kuma tanadin batir. Amma kimanta nisa da gudun abin da ke ɓacewa yana dawowa ya fi wuya, musamman a hanya mai duhu inda babu wani abin da ido zai gwada shi da shi. A nan ne fitilar hula take samun gurbinta mafi dacewa: jar fitila mai ci ba yankewa a jikin keke domin a san inda keken yake, da wata mai ƙiftawa a hankali a bayan hula domin a lura. Ɗigo biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, suna ba direba wani abin aunawa, domin tazarar da ke tsakaninsu tana buɗewa yayin da yake matsowa, abin da ɗigo ɗaya ba ya yi. Farar fitila mai ƙarfi mai ƙiftawa a gaba cikin duhu kuwa ban ga amfaninta ba, tana gajiyar da idon mai keken, tana harzuƙa na gaba.

Komawa ga buƙata ta uku, wato a gane mutum ne, bincike ya nuna hanyar da ba ta bi ta kai ba sam. A 1973 wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin, Gunnar Johansson, ya wallafa gwajin da ya yi na maƙala 'yan ƙananan fitilu a gaɓoɓin mutum cikin duhu. Idan mutumin yana tsaye, masu kallo ɗigogi kawai suke gani. Da zarar ya fara tafiya, nan take suke gane mutum ne, tun kafin su yi tunani. Ƙwaƙwalwa tana da saurin gane motsin halitta mai rai. Farfesa Joanne Wood da abokan aikinta a Jami'ar Fasaha ta Queensland a Ostireliya sun gwada wannan a kan masu keke da dare, a hanyar da aka rufe don gwaji, sun kuma gano cewa direbobi sun fi gane mai keken da ya ƙara abin mayar da haske a idon sawu da gwiwa fiye da wanda ya sa rigar mayar da haske kaɗai, balle mai baƙaƙen kaya. Ayyukansu sun kuma nuna cewa masu keke suna zaton ana ganinsu daga nesa fiye da yadda ake ganinsu a zahiri. Ƙafar da ke juya feda tana yin motsin da babu wani abu a hanya da ke yin irinsa. Kai kuwa, duk da waige-waigensa, ba ya zana siffar da ke cewa ga mai keke. Wannan yana nufin ɗan ƙyalle mai mayar da haske da aka ɗaura a idon sawu yana yin aikin da fitilar hula mai tsada ba ta yi.

Abin mayar da haske shi ma yana da iyakarsa. An yi shi da ƙananan ƙwayoyin gilashi ko 'yan kusurwoyi masu mayar da haske zuwa inda ya fito, don haka yana aiki ne kawai idan hasken mota ya sauka a kansa, kuma ya fi ƙyalli ga wanda idonsa ke kusa da fitilarsa. Direban ƙaramar mota yana ganinsa da kyau, direban babbar mota, wanda idonsa ke nesa da fitilun motarsa, yana ganinsa dishi-dishi. Motar da ke fitowa daga gefe ba ta haska shi ba tukuna, babur ɗin da ke tafiya ba fitila kuwa ba zai gan shi ba ko kaɗan. Liƙa shi a hula yana da amfani, ba shi da nauyi, ba ya buƙatar caji, sai dai gajeren hasken mota ƙasa yake kallo, yana isa ƙafa da feda kafin ya isa kai. Kada kuma a rikita shi da riguna masu launin kore ko ruwan lemo mai kauri da ma'aikatan hanya ke sawa. Wannan launi hasken rana ne ke sa shi ƙyalli, da dare fararen layukan da aka ɗinka a jikin rigar ne kaɗai ke aiki.

Sai kuma ita hular kanta, wadda ba don ɗaukar fitila aka yi ta ba. Hular kwanon keke siririn bawo ne na roba mai ƙarfi a waje, a ciki kuma wani farin abu mara nauyi, dangin wanda ake tare talabijin da shi a cikin kwali. Aikinsa shi ne ya murƙushe idan kai ya bugi ƙasa, ya tsawaita lokacin bugun da ɗan ƙanƙanin lokaci, ƙarfin da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu. Santsin bawon kuma yana sa hular ta zame a kan kwalta maimakon ta cije, domin fizgar da ke juya kai da ƙarfi tana cikin abubuwan da ke raunata ƙwaƙwalwa da wuya. Duk wani abu mai tauri da aka kafe a samanta yana iya ɓata waɗannan ayyuka biyu: ya tattara ƙarfin bugu a wuri ɗaya kamar ƙusa, ko ya kama ƙasa ko reshe ya murɗe wuya. Ƙa'idar Amurka ta hular keke, wadda ta fara aiki a 1999, ta ce duk abin da ya turo daga jikin hula fiye da milimita 7 ba tare da an daidaita shi da siffarta ba dole ne ya karye ko ya lotsa idan an buga shi, a ciki kuma kada wani abu ya turo fiye da milimita 2. Gwajin da ake yi wa hula, ko a ƙarƙashin wannan ƙa'ida ko ta Turai mai suna EN 1078, ana yin sa ne a kan hular yadda ta fito daga kamfani. Wanda ya huda ta ya ɗaura fitila da ƙusa ko noti ya fita daga abin da aka gwada. Manne ta da gam mai ƙarfi ma haɗari ne, saboda wasu sinadaran gam da fenti suna narkar da farin abin na ciki ko su raunana bawon ba tare da an gani ba. Abin da ya fi aminci shi ne fitila ƙarama, mara tsini, a ɗaure ta da igiyar roba ko maɗauri mai ɓarewa ta ramukan shan iska, yadda idan an faɗi za ta fice ta bar hular ta yi aikinta.

Nauyi ma abin dubawa ne. Fitila mai babban batir a saman kai tana jan hular gaba ko gefe, hular da ta goce daga goshi kuwa ta bar wurin da ya kamata ta kare, ga gajiyar wuya a doguwar tafiya. Shi ya sa manyan fitilun kai suke zuwa da batir daban da ake sawa a aljihu ko jaka, sai dai wayar da ke haɗa su ita ma tana iya sarƙewa. Hulunan da aka ƙera da fitila a cikinsu tun daga kamfani, irin na Lumos da suka fara fitowa a tsakiyar shekarun 2010 har da sigina ta dama da hagu, sun kauce wa matsalar turowa, domin an gwada su da fitilun a jiki. Amma suna da tsada, haskensu na a gan ka ne, ba na ganin hanya ba, kuma tun da hula ba ta jure bugu biyu, faɗuwa ɗaya tana tafiya da hular da fitilar gaba ɗaya. Batir ɗin litiyam da ke cikin waɗannan kaya ba ya son zafi, barin hula a rana ko a cikin rufaffiyar mota a watan Afrilu yana rage masa kwana.

A ƙasar Hausa maganar tana da wata fuska, domin mafi yawan masu hawa keke ba su da hular kwano tun farko. Ko ga masu babur, lokacin da aka fara tilasta sa ta a Najeriya a farkon 2009, an ga wasu a Kano sun kifa ƙwarya a kai don kauce wa kamu. Abin da aka fi gani shi ne tocilar goshi mai caji, irin wadda maharba da masu gyaran waya ke amfani da ita, an ɗaura ta a kan hula ko an zagaya ta a goshi, ko kuma tocilar hannu da aka ɗaure a kan keke da robar tsohon tub. Duk abin da aka faɗa game da inuwa da ƙura da kashe ido ya shafi wannan tocilar goshi, kuma ta fi muni ta wani ɓangare, saboda an yi ta ne da siririn haske mai nisa, babu komai a baya. Mai ita yana ganin hanya tas, zuciyarsa ta kwanta, alhali motar da ke biye da shi ba ta ganin komai sai duhu. Idan kuɗin mutum ba su kai ya sayi komai da komai ba, ni dai ina ganin jar fitilar baya ce ta farko, sai farar gaba a jikin keke, sai abin mayar da haske a feda da idon sawu, sai hular kwano saboda kai, fitilar hula ce ta ƙarshe a jeri. Fitilun ado masu shuɗi da kore da samari ke nannaɗe keke da su suna sa a lura, amma ba sa gaya wa direba ko keken tahowa yake yi ko tafiya.

Wanda ya mallaki duka yana iya daidaita su cikin minti kaɗan. Ya tsaya da kekensa da dare ya fuskanci bango daga nisan taku 10, ya zauna a sirdi yadda ya saba, kansa a yadda yake riƙe shi idan yana tafiya. Tsakiyar hasken fitilar keke ya kamata ya sauka ƙasa da tsawon fitilar kanta, na hula kuma ya sauka a ƙasa kafin bangon, kuma a bar ta a mafi ƙarancin ƙarfinta muddin ana cikin gari, a ƙara shi kawai a hanyar da babu mai tahowa. Jar ta baya a duba ta yayin da ya sunkuya kamar mai tuƙi, domin fitilar da ke kallon baya idan mutum yana tsaye takan koma kallon sama idan ya duƙa kan keke. Daga nan sai ya ba wani ɗan'uwa keken da hular ya hau, shi kuma ya koma can nesa, mita 70 ko fiye, ya kalle shi ta gaba, ta baya, da ta gefe, sannan ya sa shi ya waiwaya hagu da dama ya ga abin da ya rage a fili idan kan ya juya.